ZARE: Littafin 'yan Koriya da ya tono mana labarin Mai Wurno

1/ Yau zaren tarihi ne, kuma yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare 😅 Zan fara da labarin wasu 'yan Koriya a Japan, amma kar ku gudu. Kafin mu gama za mu bi ta Giginya, mu bi ta Burmi, mu sauka bakin kogin Nilu. 🧵

2/ Muna da wani ɗan zaure a WhatsApp, mu 14, yawanci 'yan nan Sakkwato. Duk wata mukan zaɓi littafi ɗaya mu karanta, ko da yake gaskiya rabinmu ba sa kai ƙarshe. Watan jiya aka zaɓi Pachinko na Min Jin Lee, wanda ya fito a 2017, shafi kusan 500. Ni a kan tabarma na cinye shi ƙofar gidanmu nan Unguwar Rogo, da fitilar waya in an ɗauke wuta.

3/ Labarin iyali ɗaya ne, daga 1910 zuwa 1989. Sunja 'yar talakawa ce a wani tsibiri kusa da birnin Busan. Ta yi ciki da wani attajirin dillalin kifi, ashe yana da mata da 'ya'ya a Japan. Wani matashin fasto ya aure ta don ya rufa mata asiri, ya tafi da ita Osaka a 1933. Sauran littafin rayuwarta ce da ta 'ya'yanta da jikanta a ƙasar da ba ta son su.

4/ Ga abin da ya kai irinsu can. Japan ta haɗiye Koriya a 1910, ta mulke ta har 1945. Talauci da rasa gonaki suka tura mutane tsallaken teku neman aiki, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka kwashi wasu da ƙarfi zuwa ramukan kwal da masana'antu. Zuwa 1945 sun kai wajen miliyan 2. Bayan yaƙi da yawa suka koma gida, wajen 600,000 suka zauna.

5/ Waɗanda suka zauna su ake ce wa Zainichi, wato "mazauna Japan". Ku lura da sunan, mazauni. Ko a can aka haife ka, a can aka haifi ubanka. Ranar 28 ga Afrilu 1952, da yarjejeniyar San Francisco ta fara aiki, aka wayi gari an cire musu zama 'yan ƙasa. Jiya kai talakan Sarkin Japan ne har ana iya tura ka yaƙi, yau kai baƙo ne mai yawo da kati a aljihu.

6/ Katin ma sai ka dangwala yatsa kamar wanda aka kama da kayan sata. A littafin akwai wurin da aka kai jikan Sunja ofis ranar da ya cika shekara 14 aka shafa masa tawada. Ba a daina yi wa irinsu haka ba sai 1993. Aikin gwamnati ba nasu ba ne, manyan kamfanoni ba sa ɗaukarsu, mai gidan haya in ya ji sunansu sai ya ce an riga an kama ɗakin.

7/ Shi kuma pachinko wani injin caca ne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, shagunansa cike suke a biranen Japan. Sana'a ce mai kuɗi amma mutanen kirki na ƙyamarta, shi ya sa aka bar wa 'yan Koriya ƙofarta a buɗe. Sai kuma aka dawo ana cewa ai ga su nan, ba su iya komai ba sai caca. An hana ka gona, an ce ba ka noma.

8/ Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan, zan fasa ƙwai. Babban ɗan Sunja, Noa, yaro ne mai ƙoƙari, har ya shiga jami'ar Waseda. Da ya gano wane ne ubansa na jini sai ya gudu garin Nagano, ya canza suna, ya zama Bajapane, ya auri 'yar ƙasar, ya haifi 'ya'ya 4. Shekara 16 ba wanda ya san asalinsa. Ranar da uwarsa ta gano inda yake ta je ta gan shi, ranar ya kashe kansa.

9/ To, sai muka zo tattaunawa. Na farko da ya buɗe baki cewa ya yi: "Wai mi ya haɗa mu da 'yan Koriya? Mu da ko Magana Jari Ce ba mu gama ba." Aka yi dariya aka wuce.

10/ Ustazun zauren ya ce shi ya ajiye littafin a tsakiya, don ba zai ɓata darensa yana tausaya wa masu gidan caca ba. Ban yi masa musu a kan hukuncin caca ba, wannan a fili yake. Na dai ce masa marubuciyar ba ta ce sana'ar ta yi kyau ba, nuna mana ta yi yadda ake toshe wa mutum ƙofa tara a bar masa ta goma, sannan a tsaya ana nuna shi da yatsa.

11/ Matan zauren kuwa Sunja suka riƙe. Wurin da aka kama mijinta ta fita kasuwa da tulun kimchi, wani kabeji mai yaji da suke jiƙawa, tana kunyar ɗaga murya ta yi talla. Wata ta ce ita innarta ta gani, da kaskon ƙosai, shekarar da babansu ya kwanta ciwo. Nan ba a yi gardama ba.

12/ Rigimar a kan Noa ta tashi. Yawancin mazan suka ce butulu ne, ya ƙi uwarsa, ya ƙi asalinsa don yana son a karɓe shi. Ni ma ina cikinsu, har na fi kowa zaƙewa. Na rubuta cewa wannan halin wasu ne, mu Bahaushe ko a bangon duniya yake ba ya ɓoye kansa, hularsa ma ta isa ta tona shi. Na sa alamar dariya guda uku.

13/ Akwai wata 'yar'uwa a zauren da ba ta cika magana ba. Can wajen ƙarfe 11 na dare sai ga saƙon muryarta, minti 6. Na nemi izininta kafin in kawo shi nan, ta ce in kawo amma ban da suna.

14/ Ta ce innarta a Wad Madani aka haife ta, a Sudan, aure ne ya kawo ta Sakkwato. Ƙanen innar ya tafi Khartum karatu, ya samu aiki, ya daina Hausa ɗungurungum. Abokan aikinsa ba su san shi Bahaushe ne ba. Lokacin da zai yi aure, uwarsu ta je, ya roƙe ta don Allah kar ta yi Hausa a gaban surukansa. Tsohuwar ta yi kwana uku a gidan biki kamar kurma.

15/ Sai ta ce: "Malam, kai da ka ce Bahaushe ba ya ɓoye kansa, a Sakkwato kake zaune ka faɗi haka. Ba a taɓa tambayarka takardar kakanka ba." Wallahi na daɗe ina kallon wayar. Na goge abin da na rubuta, amma ai kowa ya riga ya gani.

16/ Abin da ya sa na koma tono tarihin nan ke nan. Kuma abin kunya, daga garinmu wani babban reshe na labarin ya tashi. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawan Ingila suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya a filin Giginya. Bindiga mai ruwa ta yi aikinta, yaƙin bai daɗe ba. Kwana 6 bayan haka Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a kan gadon.

17/ Attahiru na ɗaya bai miƙa wuya ba. Ya yi gabas da niyyar hijira, ya nufi Makka. Abin da ya tayar wa Turawa hankali shi ne yadda mutane suka riƙa barin garuruwa suna bin sa: malamai, sarakuna, manoma, mata da goyo. Dama akwai tsohuwar magana a Daular Usmaniyya cewa ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu. Mutane suka ga lokacin ne ya zo.

18/ Aka bi su har Burmi, a jihar Gombe ta yau. Karon farko a watan Mayu Turawa suka sha kashi suka ja da baya. Ranar 27 ga Yuli 1903 suka dawo da shiri. Nan Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Turawan ma, Manjo Marsh, a nan ya mutu. Allah ya jiƙan magabata.

19/ A makaranta nan ake rufe babin, a ce an ci Daular Sakkwato, a shiga mulkin Turawa. Amma waɗanda suka tsira ba duka suka juyo ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja dubban mutane suka ci gaba da tafiya, a ƙasa, ta yankin Chadi da Darfur, har bakin Shuɗin Nilu. Suka fara sauka a Shaikh Talha wajen 1906, daga baya suka kafa garinsu kudu da Sennar. Sunan garin har gobe Mai Wurno.

20/ Ku tsaya ku yi tunani. Wurno ɗin nan namu da ke nan kusa, inda kabarin Sarkin Musulmi Bello yake, akwai gari a Sudan da ke ɗauke da sunansa fiye da shekara 100, da sarautarsa da komai. Ni sai da na girma na sani. Ku fa?

21/ Ba su ne na farko ba, kar a ce na ce. Ɗaruruwan shekaru kafin su mutanen ƙasar Hausa da Borno da Fulani suna ratsa Sudan a hanyar hajji, wasu su zauna. Ba kuma su ne na ƙarshe ba. A 1925 Turawa suka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe gonakin auduga na Gezira, ana neman hannu ruwa a jallo. Mahajjatan ƙafa suka zama leburorin da ake so.

22/ Kakan 'yar'uwar nan haka ya je. Ya bar gida da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Bana ya ce baɗi, baɗi ya ce baɗin baɗaɗa. Ya yi aure, ya haihu, ya tsufa, aka binne shi a can. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi guda a 1995 a kan irin waɗannan mutane, jikokin da aka haifa a Sudan amma har lokacin suna ce wa kansu matafiya hajji.

23/ Mutanen ƙasar suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suka ce musu Fallata, ko Takari. Kalmar tana iya zama suna kawai, tana iya zama zagi, ya danganta da bakin da ta fito. Aikin da ɗan gari ke ƙi, su ake bar wa: tsinkar auduga, dako, sayar da ruwa. Sannan a ce ai su dama nan suka fi kauri. Kun tuna da pachinko?

24/ Yanzu ga inda abin ya fi kama da na Japan. Sudan ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce asalin ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ku lissafa. Burmi 1903 ce. Mutanen Mai Wurno sun makara da 'yan shekaru. Leburorin Gezira kuwa ba a ma maganarsu.

25/ Wato mutum ya bar gidansa don ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa, ya yi tafiyar shekaru a ƙasa, ya taka gawar 'yan'uwansa, jikansa kuma ya tsaya a layi yana neman shaidu su rantse cewa shi ɗan ƙasar da aka haife shi ne. Daga baya an sassauta dokar, an matso da ranar gaba, da yawa sun samu takarda. Amma takarda daban, abin da ke bakin mutane daban.

26/ Kar ku ɗauka duk labarin kuka ne. A'isha al-Fallatiya, wadda ake lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, a Kasala aka haife ta, iyayenta kuwa daga ƙasar Sakkwato suka je. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Duk Sudan na alfahari da ita. Ita ba ta ɓoye ba, a sunanta ma ta rataya asalin.

27/ To me ya faru a 2022? Da yawanku kun ga hotunan. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin irin su Berta. Fiye da mutum 100 suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Port Sudan. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, cikin kwana biyu aka rasa fiye da 200.

28/ Tushen rigimar sarauta ce. A tsarin gargajiyar da Turawa suka ƙarfafa a shekarun 1920, ƙabila mai sarauta ita ce mai ƙasa. Hausawan yankin suka nemi a ba su tasu masarautar. Ɗaya ɓangaren suka ce wannan neman ƙasa ne ta bayan gida, ku baƙi ne, ku yi noma amma ƙasar ba taku ba ce.

29/ Adalci dai, su ma waɗancan ƙabilun ba 'yan gata ba ne. Sun sha yaƙi, sun sha wariyar Khartum, manyan masu kuɗi sun kwashe musu filaye. An kashe nasu su ma a rikicin. 'Yan siyasa kuma sun zuba fetur. Talaka ne ya sari talaka. Amma kalmar da aka riƙa jifan Hausawa da ita ita ce wadda aka jefi jikan Sunja da ita: baƙo. Bayan shekara 100 da ɗoriya.

30/ Da na kawo wannan a zauren, kowa ya yi tsit, sai addu'o'i. Har mai cewa mi ya haɗa mu da Koriya ya ce to yanzu ya gane. Ni kuma sai wani abu ya fara damuna. Mu 14, kowa ya ga kansa a Sunja, ko a Noa, ko a innarsa. Ba wanda ya ce ya ga kansa a mai gidan hayar nan da ke cewa an kama ɗaki. Ba wanda ya ga kansa a ma'aikacin da ke riƙe da tawada.

31/ Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon tela, tun muna yara muka san a Kumasi aka haife shi. Ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ya zo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na je na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, wai da gaske korarku aka yi? Ya kalle ni ya ce: "Yaro, yau kuma mi ya kawo wagga magana?"

32/ Tarihin dai shi ne: Hausawa sun daɗe a ƙasar da ake kira Ghana yau, tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja da kasuwar Salaga. Su suka kafa zango-zango a Kumasi da Accra. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Ɗaruruwan dubbai suka fita: Yarbawa da yawa, Hausawa, Zabarmawa, mutanen Togo da na Burkina ta yau.

33/ Baba ya ce shekararsa 17. Ubansa ya sayar da keken ɗinki biyu a kuɗin da ba su kai na ɗaya ba, suka hau bayan babbar mota. Bai taɓa ganin Sakkwato ba sai ranar da aka sauke su. Ya ce: "Can an ce muna mu tahi garinmu. Da munka zo garin namu, yara na bi na suna dariya, wai ban iya Hausa ba, ina ce ma mace ya zo." Har yau in an yi baƙo aka ce ina tela, sai a ce wane, ɗan Ghana?

34/ Wannan ma yana cikin abin da Zainichi ke kuka da shi. A Japan kai ɗan Koriya ne, in ka je Koriya su ji harshenka su ce Bajapane ya zo.

35/ Sai na ce Baba, to 1983 fa? Ya yi shiru, ya gyara zama. Ga waɗanda ba su sani ba: ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya ba da sanarwar cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Najeriya cikin mako biyu. Mako biyu, daidai irin na Busia. Wajen mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Shugaban ƙasa a lokacin namu ne, Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa.

36/ Dalilan da aka bayar kun san irinsu. Farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ana cewa baƙi ne ke kawo laifi, ga zafin rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 bai huce ba, shi kuma Marwa daga Kamaru ya zo. Zaɓe kuma na tafe a watan Agusta. Jakar nan mai layi-layi da muke zuba kayan lefe da kayan makaranta, daga nan ta samo sunan Ghana Must Go. Muna faɗa muna dariya.

37/ Ba 'yan Ghana kaɗai ba fa. An kori 'yan Nijar da 'yan Chadi da yawa, cikinsu har da Hausawa 'yan'uwanmu na jini, waɗanda tsakaninmu da su bai wuce Illela zuwa Ƙonni ba. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, a 1985 aka sake wata korar. A ƙasar Maraɗi har suna aka sa wa yunwar shekarar: El-Buhari.

38/ Baba ya ce ranar da ya ji sanarwar 1983 a rediyo, sai da ya ji daɗi. "Ba ni yi maka ƙarya, na ce alhamdulillahi, su ma su ɗanɗana." Sai da ya ga wani malamin makaranta ɗan Ghana da ke kawo masa ɗinki yana sayar da katifa da tukwane a bakin titi. Ya ce ya saya masa fanka da kuɗin da ya fi na kasuwa, bai iya kallon idonsa ba. Fankar ta daɗe da mutuwa, tana nan a ɗakinsa.

39/ Wani misalin da ya kamata kowa ya sani: Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A watan Janairu 1980 jami'ai suka ɗauke shi suka tsallakar da shi Chadi, wai ubansa ba ɗan Najeriya ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa fa. Sai da kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne aka bar shi. In an yi wa mai kujera haka, ina ga mai tura baro?

40/ Har yau kuma muna da namu katin: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ba ta tambayar inda aka haife ka, inda kakanka ya fito take tambaya. Da ita ake neman gurbin karatu da aikin gwamnati. Bahaushen Jos da kakansa ya je haƙar kuza tun zamanin Turawa ya san zafinta, muna kuma taya shi kuka. Bayaraben da aka haifa a nan Sakkwato, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa, shi ma ya san zafinta. Shi ban taɓa jin mun taya shi ba.

41/ Ni kaina ba zan fita ba. Akwai yaron da muka taso tare a unguwar nan, kakansa ne ya zo daga wajen Tawa. Tun muna firamare "ɗan Nijar" muke ce masa. In an yi faɗan ƙwallo sai mu ce za mu kira a maida shi. Yana dariya, muna dariya. Shekaran jiya na tambaye shi ko abin na yi masa zafi. Ya ce: "Haba, ya wuce." Sai kuma ya ce: "Amma ka san ban taɓa zuwa Nijar ba ko?"

42/ Ban sani ba. Shekara 20 muna tare.

43/ Game da Noa kuwa, na janye kalmar butulu. Har yanzu ina ganin ya zalunci uwarsa, kuma abin da ya yi wa kansa ba hanya ba ce, ba a addini ba, ba a hankali ba. Amma na daina cewa halin wasu ne. A 1923, bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo, an yaɗa jita-jitar cewa 'yan Koriya na zuba guba a rijiyoyi, 'yan banga suka riƙa tare mutane suna sa su faɗi wasu kalmomin Japananci. Wanda harshensa ya karkace, a kashe. Dubbai aka kashe. Yaron da ya taso a inda aka yi haka, in ya gyara harshensa ya ɓoye sunansa, ni dai ba ni da bakin zaginsa daga kan tabarmata.

44/ Na koma na tambayi 'yar'uwar nan labarin kawun nata. Ta ce da yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ya kwashi iyalinsa ya gudu Wad Madani, gidan da ya yi shekaru yana ɓoyewa, unguwar Hausawa. 'Yan'uwan suka share masa ɗaki, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. A watan Disamba yaƙin ya iso Wad Madani ma, suka sake watsewa gaba ɗaya, suka yi gabas.

45/ Daga hanya ya samu waya ya kira yayarsa a nan Sakkwato. Ta ce innarta na ɗagawa ta ji an ce, "Yaya, ina wuni, ya gida, ya yara." Da Hausa. Rabon da ta ji Hausa a bakinsa tun kafin a haifi ita mai ba ni labarin. Gaisuwar kaɗai ya iya kaiwa ƙarshe, sauran maganar da Larabci ya ƙarasa, yana yi yana neman kalma. Suna Gadarif yanzu, shi da matarsa da 'ya'yansa 3. A cikin yaran ba wanda ke jin abin da 'yan'uwan ubansu ke faɗa in sun juya harshe.